Daga Ƙasa Ake Fara Sayen Kayan Ƙwallon Raga

Littafin dokokin hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, bai tsawaita ba wajen lissafa kayan ɗan wasa. Abu huɗu ya ambata: riga, gajeren wando, safa da takalmi. A kan takalmin ma, sharaɗin bai wuce ya kasance marar nauyi, mai lanƙwasuwa, ba mai tudun dunduniya ba. Wanda ya karanta wannan zai ɗauka wasan ba ya cin kuɗi, kuma da gaskiyarsa. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen abin da za a fara saya. Sabon ɗan wasa, musamman matashin da ya tara 'yan kuɗinsa ko ya karɓo a hannun iyaye, yakan fara da abin da ido ke gani, wato jesi mai lamba a baya. Abin da ya rage sai ya tafi ga takalmi, in ma ya rage. Wannan tsari a juye yake. Ƙwallon raga wasa ne na tsalle da dira da faɗuwa, kuma yawancin abin da ke raba mutum da shi a watannin farko daga ƙasa yake tasowa.

Tsayin ragar maza mita 2.43 ne, ta mata 2.24. Babu mai dukan ƙwallo ko tare ta a saman wannan raga ba tare da ya bar ƙasa ba, kuma duk tsalle yana da dirarsa. 'Yan wasan da ake gani a talabijin suna dira ne a kan daɓen katako ko shimfiɗar roba wadda ke shanye wani ɓangare na nauyin jiki. Mai koyo a filin makaranta ko na bariki, a Kano ne ko a Damagaram, a kan siminti yake dira, ko a kan busasshiyar ƙasa da rana ta gasa. Siminti ba ya rangwame. Abin da daɓe bai shanye ba, idon sawu da gwiwa da ƙugu ne za su shanye shi. Saboda haka kafin a tambayi wane takalmi ne mai kyau, sai an fara tambayar a kan me za a taka.

Takalmin da aka ƙera musamman don ƙwallon raga, irin na kamfanonin Asics da Mizuno na Japan, yawanci tafinsa na roba ne mai laushi, sau da yawa mai launin zuma, wadda ke kama daɓe mai santsi kamar an shafa mata danƙo. A rufaffen zauren wasa babu kamarsa. A kan siminti kuwa, laushin nan shi ne ajalinsa: daɓen yana cin robar kamar yadda dutsen niƙa ke cin hatsi, kafin a ankara tafi ya suɗe. Wanda siminti ne filinsa ya fi dacewa ya nemi takalmin ƙwallon kwando ko na tanis mai tauri a tafi, domin su ma an yi su ne don gudun gefe da tsayawar farat ɗaya. Abin da ya kamata a guje wa shi ne kambas ɗin 'yan gudu, duk da shi ya fi yawa a kasuwa kuma ya fi daɗin takawa. An gina shi don tafiya gaba kawai, dunduniyarsa mai kauri ce da tudu, gefensa ba shi da ƙarfi. Idan mai shi ya zabura gefe don ceto ƙwallo, ƙafar takan zame daga kan tafin ta karkace.

Karkacewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Targaɗen idon sawu shi ne raunin da ya fi samun 'yan ƙwallon raga farat ɗaya, kuma mafi yawansa a gindin raga yake faruwa. Doka ta yarda ƙafar ɗan wasa ta ɗan tsallaka ɓangaren abokan hamayya muddin wani sashe nata yana kan layin tsakiya ko saitinsa, don haka mai duka da mai tarewa sukan sauko a wuri ɗaya, ɗaya ya dira a kan ƙafar ɗaya. Babu takalmin da zai hana wannan gaba ɗaya. Amma wanda ya taɓa yin targaɗe ya fi kowa haɗarin maimaitawa, kuma shi ne ɗaurin idon sawu, na igiya ko na filasta, ya fi yi wa amfani. Ga mai lafiyayyar ƙafa, koyon dira da ƙafa biyu tare da lanƙwasa gwiwa, da atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya, sun fi duk wani ɗauri, kuma ba sa cin ko sisi.

Sabon takalmi na asali ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, shi ya sa gwanjo ba abin kunya ba ne. A kasuwa irin ta Ƙofar Wambai akan tsinci na kirki. Sai dai a juya shi a duba tafi tun kafin a dubi launi. Idan gefe ɗaya ya fi cinyewa, takalmin ya riga ya ɗauki takun mai shi na farko, kuma zai tilasta wa sabuwar ƙafa bin wannan karkata. A matsa bayan dunduniya da yatsu: in ya lotse kamar kwali, ya mutu. A danna soson ciki a ga ko yana dawowa. Gwaji kuma da yamma ya fi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a yi wasa da ita, a bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Farcen ƙafa da yawa sun baƙe sun fita saboda takalmin da ya yi cif-cif a shago.

Bayan takalmi sai safar gwiwa, wato wadda aka cusa wa soso a gaba. Doka ba ta wajabta ta ba, ta dai halatta, amma ga mai koyo kusan wajibi ce. Ƙwararre ya iya faɗuwa: yakan sulale a kan ƙirji ko ya mirgina ta gefe, gwiwarsa ba ta cika dukan ƙasa ba. Sabo kuwa da gwiwa yake sauka. Wanda ya ƙuje sau biyu a kan siminti, jikinsa zai koyi darasin da babu kocin da ke son ya koya, wato ya tsaya ƙiƙam yana kallon ƙwallo tana faɗuwa a gabansa. Amfanin soson nan bai tsaya ga kare fata ba, yana cire tsoro ne har a koyi faɗuwar da ta dace. A zaɓi wadda ta kama ƙafa ba ta zamewa, ba kuma ta shaƙe bayan gwiwa. Iyakarta ke nan, kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Ciwon nan da ke tasowa a jijiyar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa yawan tsalle a kan daɓe mai tauri ke kawo shi, soso ba ya hana shi. Maganinsa rage yawan tsalle da ƙarfafa cinya, in ya ƙi sauƙi a ga likita.

Matsalar ƙwallo kuwa sa'ar wasan ce. A shekarar 1895, lokacin da William G. Morgan ya ƙirƙiro shi a cibiyar YMCA ta garin Holyoke a jihar Massachusetts ta Amurka, manufarsa ita ce samar wa magidanta wasan da bai kai ƙwallon kwando gwagwarmaya ba. Ya aro ragar tanis ya ɗaga ta sama, amma ya rasa abin da za a buga. Ƙwallon kwando ta yi nauyi, robar cikinta ita kaɗai ta yi sakayau, har sai da ya nemi kamfanin Spalding ya ɗinka masa wata ta daban. Ma'aunin yau shi ne kewaye santimita 65 zuwa 67, nauyi giram 260 zuwa 280. Ƙwallon ƙafa ta manya tana da giram 410 zuwa 450, iskarta kuma ta ninka ta ƙwallon raga. Duk da haka a filaye da dama ita ake jefa wa masu koyo su tara da sangalin hannu. Hannun sabon ɗan wasa yakan yi ja ya yi tsami ko da da ƙwallon da ta dace, kuma wannan yana wucewa cikin 'yan makonni. Da ƙwallon ƙafa ba ya wucewa, yaron ne ke wucewa gida.

Ba dole mai koyo ya mallaki Mikasa V200W ba, mai launin rawaya da shuɗi da ake bugawa a manyan gasanni tun 2019. Don zaure aka yi ta, siminti da ƙaya za su lalata fatarta. Wadda ake tallarta da wannan suna a farashin banza kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙwallon atisaye mai laushin fata wadda aka ɗinka don filin waje ta wadatar, kuma mutum shida za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci shi ne iska. Injin mai faci na taya ne, cikin daƙiƙa kaɗan zai mayar da ƙwallo mai kyau dutse. Ƙaramin famfon hannu da allurarsa sun fi, a jiƙa allurar kafin a zura, a tsaya tun babban yatsa yana iya ɗan lotsa fatar. Kada kuma a bar ta a rana ko a bayan mota, domin zafi yana ƙara mata tauri yana kuma sakin gam.

Akwai kayan da cire su ake yi. Doka ta hana sa duk abin da zai iya jawo rauni, kuma zobe ne kan gaba: idan ƙwallo ta daki kan yatsa ya kumbura, zoben azurfa yakan zama abin da sai an yanka. Agogo, sarƙa da 'yan kunne su zauna a jaka, a yanke farce. Mai tabarau doka ta bar shi da zaɓinsa, amma ya ɗaure shi ta baya.

Sutura ce ke hana 'yan mata da yawa shiga fili, alhali ba ta kai yadda ake zato ba. Ko a wasan rairayi, inda aka fi sanin 'yan wasa da ƙananan kaya, FIVB ta sassauta dokar tun 2012, kuma a gasar Olamfik ta Rio a 2016 Doaa Elghobashy ta Masar ta buga da hijabi da riga mai dogon hannu da dogon wando. Dogon wando mai bin jiki a ƙarƙashin safar gwiwa ma ƙarin kariya ne daga ƙujewa. Sharaɗi ɗaya ne: hijabin ya zama na zurawa, marar fil, wanda ba ya lilo ya rufe ido lokacin tsalle. Ita kuwa jesi, kowace riga marar nauyi mai shan gumi ta isa har ranar da ƙungiya za ta raba tata.

Saura abu ɗaya da ba a sayarwa a shagon kayan wasanni. A manyan gasanni akwai masu tsumma a gefen fili, aikinsu kawai su ruga su goge gumin da ya ɗiga kafin a sake buga ƙwallo. A filin siminti lokacin hunturu, ƙura ce ke yin abin da gumi ke yi, ta kwanta a daɓe ta hana kowane irin tafi kamawa, komai tsadarsa. Tsintsiya ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma a bakin layi, inda kowa zai goge takalmi kafin ya shiga, suna dawo da kamun. Filin mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi. Mutum biyu za su share shi kafin sauran su gama ɗaure raga.