Kullutun Kitse: A Yi Hoto Kafin A Sa Wuƙa

A shekarun da na yi ina aikin jinya a sashen tiyata, maganar da na fi ji daga bakin masu kullutu a jiki ita ce, "Ai kitse ne kawai, Sista." Galibi kuma gaskiyarsu ce. Kullutun kitse, wanda likitoci ke kira lifoma, yana da laushi, yana gocewa idan an danna shi, ba ya ciwo, kuma yakan fito a baya, kafaɗa ko wuya. Mutum zai iya tsufa da shi lafiya lau.

Sai dai akwai wani mai kama da shi da ba a cika samu ba, wato lifosakoma, ciwon daji ne da ke tasowa daga kitse. Ya fi kama manya, yakan kuma ɓuya can cikin tsokar cinya ko a bayan kayan ciki. Da hannu kaɗai ba a iya bambance su, ko da hannun ƙwararren likita ne.

Shi ya sa muke nacewa a kan hoto. Akan fara da sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Idan kullutun ya yi zurfi ko ya girma, sai a tura MRI, ko CT idan a ciki yake. Kitse zalla yakan fito bai ɗaya, tamkar na ƙarƙashin fata. Idan aka ga zare-zare masu kauri sun ratsa shi, ko wani gudaji da ba kitse ba, sai a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin ne ke yanke hukunci.

Wani dattijo manomi ya taɓa zuwa mana da kumburi a cinya. Wanzami ya yanke shi a ƙauye, bayan wata takwas ya dawo ya fi da girma. Da muka ce sai an yi MRI, ya dube ni ya ce, "'Yata, kuɗin hoton nan ya kai buhun gero nawa?" Na ce, "Baba, na san da nauyi, amma likita ba zai yi yanka cikin duhu ba." 'Ya'yansa suka haɗa kuɗin, hoto da gwaji suka nuna daji ne. An ceto ƙafar, amma aikin ya fi faɗi saboda yankan farko ya ɓata wurin.

Don haka 'yan uwa, ku duba kanku da iyayenku. Kullutun da ya wuce santimita 5, kusan girman ƙwan kaza, ko yake ƙaruwa, ko yake ciwo, ko yake can cikin tsoka, ko ya dawo bayan an cire shi, a kai shi babban asibiti. Kada a bari kowa ya sa masa aska sai an ga cikinsa. Allah Ya ƙara mana lafiya.