Ziyara Garin da Fröbel Ya Fara Makarantar Ƙananan Yara

Daga Erfurt jirgin ƙasa ya bi da mu ta Arnstadt, ya ratsa gonaki da dazuzzukan gabashin Jamus, har ya sauke mu a Bad Blankenburg, wani ɗan gari a gindin tsauni, kusa da kogin Schwarza. A nan Friedrich Fröbel ya kafa makarantar ƙananan yara da ya raɗa wa suna Kindergarten a 1840. Gidan da ya fara tara yaran yanzu gidan tarihi ne.

Ƙananan akwatunan katako ne suka fi tsayar da ni a ciki. Ɗaya na ɗauke da dunƙulen katako da aka yanka gida takwas daidai wa daida, na gaba da shi kuma guntaye takwas masu siffar bulo. Da su mutumin yake koyarwa. Sai dai gwamnatin Furusiya ta haramta irin waɗannan makarantu a 1851, Fröbel kuma ya rasu bayan shekara guda ba a ɗage haramcin ba.

Washegari aka kai mu wata makarantar yara. Wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba ta kafa guntayen katako biyu a tsaye, ta shimfiɗa dogo a kansu, ta ɗora wani mai nauyi can a bakin gefe. Gadar ta kife. Malamar na zaune a ƙasa dab da ita, amma ko hannu ba ta miƙa ba.

"Ta ina ya fara karkata?" Iyakar abin da ta ce ke nan.

Yarinyar ta yi shiru tana jujjuya katakon. Ta sake ginawa, ginin ya sake zubewa. Can sai ta matso da ƙafar gadar ƙarƙashin nauyin, ta janye yatsunta a hankali, har numfashi ta riƙe. Gini ya tsaya.

Haƙurin malamar nan ya burge ni ƙwarai, domin da ta gyara mata, da ta raba ta da abin da hannunta ya gano: nauyi sai da madogara a ƙarƙashinsa.

Malaman nazare da iyaye, wannan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ku je wurin kafintan unguwa ku karɓo ragowar katako, a goge kaifinsu, a zuba wa yara a kan tabarma, a ƙyale su su yi gini.