Ƙwayar da Ba a Jin Aikinta

Ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano zuwa Dutse bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991. Da ƙarfina na zo garin. A ƙafa nake tasowa daga Garu in tafi ofis in dawo. Shekaru suka tura, jiki ya yi nauyi, hawan jini ya shigo, aka ɗora ni a kan magani.

A azumin 2019 abin ya same ni. Watan Mayu ne, lokacin da duwatsun garin kan sha rana su riƙa amayo zafinta har bayan isha'i. Ina tsaye a sahu a sallar asham sai ƙirjina ya rikice. Babu zafi, babu suka. Zuciya ce ta kwasa da gudu, ta buga uku a jere, ta tsaya, ta yi ɗaya mai ƙarfi, ta sake kwasa. Numfashi ya gajarta, gumi mai sanyi ya keto mini. A zaune na ƙarasa sallar.

Da na isa gida uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, ko wani mugun labari ka ji?" A wurinmu faɗuwar gaba ba ta zuwa haka kawai. Maƙwabta suka shigo sannu. Wani ya ce yunwar azumi ce, wani ya ce iska ce, wani bawan Allah ya kawo rubutu. Na sha rubutun da bismillah, gari na wayewa kuma ɗana ya kai ni Asibitin Rasheed Shekoni.

Likitan matashi ne, sa'an ɗan nawa. Ya riƙe tsintsiyar hannuna ya yi shiru yana kallon agogo. Can ya ɗauki yatsuna biyu ya ɗora a kan jijiyar hannunsa ya ce, "Baba, ji wannan." Tana tafiya daidai, ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da yatsun kan tawa. Ban buƙaci wani bayani ba: tawa ba ta da tsari ko kaɗan. Aka manna mini wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta fito da takarda mai zane, bugun ya haura 130 a minti ɗaya, alhali na mutum a zaune tsakanin 60 ne da 100.

Ya zana mini zuciya a bayan kati. Ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A mai lafiya, wani ɗan gurbi guda a ɗakin sama na dama ne yake ba da umarnin kowane bugu. A wannan cuta, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da AF, umarni yana tasowa ta ko'ina, ɗaruruwa a minti, sai ɗakunan sama su daina matsewa su koma karkarwa. Ya ce, "Baba, wannan gudun da ya ba ka tsoro za mu iya rage shi. Abin da nake tsoro shi ne wanda ba ka ji." Jinin da ba a tura shi da kyau yakan kwanta a wata 'yar aljihu ta ɗakin hagu, ya yi gudaji kamar kunun da aka bar damawa. Ranar da guda ɗaya ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan cuta ya fi wanda ba shi da ita haɗarin hakan wajen ninki biyar.

Daga nan aka tura ni Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka yi hoton zuciya. Ƙofofin zuciyata lafiya lau, hawan jinin shekaru ne ya buɗa ɗakin sama. A layin asibitin na ga abin da ya tsaya mini a rai: 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya, wasu da goyo, suna haki. Nasu daga ciwon maƙogwaro na yarinta ya faro, wanda ba a yi masa maganin da ya dace ba, ya koma ya cinye ƙofar zuciya. Ciwon da allurar fenisilin za ta kashe tun farko. Har yau idan na ji jikana yana kukan maƙogwaro da zazzaɓi ba na bari ya kwana biyu ba a duba shi ba.

Ƙwayoyi biyu aka ƙara mini. Ta farko bisoprolol, mai rage gudun zuciya. Ita kam kana sha kana jin sauƙi. Ta biyu ta tsinka jini. Aka ba ni zaɓi tsakanin sababbin, irin su rivaroxaban da apixaban, waɗanda ba sa buƙatar yawan awo amma suna da tsada, da kuma tsohuwar, wafarin, mai araha amma mai sharuɗɗa. Na ɗauki wafarin. Masu lalatacciyar ƙofar zuciya ma ita ce tasu: wani babban bincike mai suna INVICTUS, da aka yi a ƙasashe 24 aka fitar a 2022, ya nuna a wurinsu ta fi rivaroxaban tsare rai. Za ka ji ana cewa maganin ɓera ce. Gaskiya ne da haka ta fara a Amurka a 1948, kafin a amince da ita ga mutane a 1954. Awo ne ya raba guba da magani.

Awon shi ne INR, kuma ana so lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3. Ta yi ƙasa, jini zai iya yin guda. Ta yi sama, dasashi da hanci su fara zubar da jini. Abinci yana taɓa ta. Ganye irin su zogale da alayyahu suna ɗauke da sinadarin bitamin K, wanda ke rage ƙarfin wafarin. Da damina ta sauka ganye ya wadata, kwaɗon zogale safe da yamma, sai lambata ta faɗi. Uwargida ta ce to a daina ganye. Likita ya ce a'a, a ci, amma a ci daidai gwargwado kullum, kada a cika yau a daina gobe.

Akwai abin da na bari gaba ɗaya. Wanzamin da ya daɗe yana yi mini ƙaho ya zo da zabirarsa ya ce, "Alhaji, bana ba za a taɓa ƙeya ba?" Na ce masa jinina yanzu in an tsaga ba ya saurin tsayawa. Ya yi jim, ya mayar da ƙahonsa, ya yi mini aski kawai, a hankali. Maganin ciwon jiki na kemis, diclofenac da ibuprofen, na yi sallama da su, haka jiƙe-jiƙe da sassaƙe. Ko Flagyl ko Septrin aka rubuta mini sai na ce ina kan wafarin. Na kuma gane abin da ke tayar mini da bugun: rashin barci, ƙishirwa, da goro in na yawaita. Azumi ina yi da izinin likita, ƙwayar tana biyo bayan dabinon buɗa-baki.

A layin asibiti na saba da wani dattijo ɗan fansho daga wajen Kiyawa, ciwonmu ɗaya. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo. Ya ce mini, "Malam, dole in zaɓa. Wannan ta bugun ina jin aikinta. Waccan kuwa, ga kuɗin awo ga kuɗin mota, ban taɓa jin ta yi mini komai ba." Na roƙe shi ya gaya wa likita kafin ya bari. Ya ce to.

Bayan wasu watanni, yana alwalar asuba buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Baki ya karkace, magana ta sarƙe. Iyalinsa suka ɗauka iska ce, aka yi ta tofi da hayaƙi, sai washegari aka nemi mota. Wannan jinkirin ya fi komai ci mini rai, domin a shanyewar jiki sa'o'in farko su ne komai: fuska ta karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi, to a yi addu'ar a cikin mota. Da na je duba shi ya gane ni sarai, ya riƙe ni da hannun hagu, yana neman sunana ya kasa fito da shi. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya yi wa gwamnati aiki har ƙarfinsa ya ƙare bai kamata ya zauna yana zaɓe tsakanin ƙwayoyinsa biyu ba, kuma tsarin taimakekeniyar lafiya da bai kai ga irinsa ba da sauran aiki a gabansa. Yanzu yana zuwa gashin ƙashi, yana takawa da sanda, babban ɗansa ne ke riƙe da katin awo.

A majalisarmu ta bayan la'asar, inda kusan kowa ya haura sittin, na koya wa abokaina ɗora yatsu biyu a tsintsiyar hannu su saurara minti guda. Mutum ɗaya ya ji tasa tana tsalle, alhali bai taɓa jin faɗuwar gaba ko haki ba. Ya je aka yi masa gwajin wayoyin nan, aka tabbatar AF ce. 'Ya'yansa suna da hali, sai aka ɗora shi a kan apixaban, safe da dare.