Abin da Sista Ta Faɗa wa Jikanta

Shekara 35 ta yi tana aikin jinya, fiye da 20 daga ciki a ɗakin masu larurar ƙwaƙwalwa da waɗanda shaye-shaye ya kayar. Ta daɗe da ajiye farin kaya, amma har yau Sista ake ce mata a unguwa, kuma da wuya mako ya wuce wata uwa ba ta yi sallama bayan magariba ba, ta zauna a bakin tabarma tana murza gefen mayafi, ta rasa ta inda za ta fara maganar ɗanta.

Ranar da jikanta ya dawo daga bautar ƙasa da kwalin digiri na ilimin zamantakewa, ya durƙusa ya ce yana so ya shiga aikin ba masu shaye-shaye shawara, ba ta yi saurin cewa madalla ba. Ta dube shi ta ce, "Maigida, ka taɓa zama da mutum awa guda ba ka yi masa wa'azi ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Kaka, ai nasiha ce aikin." Ta ce ita ma haka ta zata, sai ta ba shi labarin da ba ta cika bayarwa ba.

Tana sabuwar ma'aikaciya aka kawo wani yaro ɗan shekara 19 da wiwi ya birkita. Mahaifinsa ne ya riƙo shi, dattijo mai kamala, idonsa ja don baƙin ciki. Bayan yaron ya dawo hayyacinsa, sai ta tsayar da shi a gaban uban da sauran majinyata, ta wanke shi tas. Ta ce ya dubi furfurar mahaifinsa ya ji kunya, ta ce ya zubar da mutuncin gidansu. Yaron bai ce uffan ba. Kansa a ƙasa, yana ta kankarar farcen babban yatsansa har ya fitar da jini. Ita kuwa ta koma gida tana ganin ta yi aikin lada. Aka sallame shi, aka ba shi ranar dawowa, bai dawo ba. Sai bayan watanni ta ji daga bakin wata 'yar unguwarsu cewa ya fara sha ne a shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, don ba ya iya barci. Mako uku yana hannunta, ba ta taɓa tambayarsa yaushe ya fara ba, ballantana me ya sa.

Daga nan ta sauya tsarin zamanta da majinyaci. Kujera biyu, ƙofa a rufe, uba da uwa su jira a waje tukuna. Ta daina tsayawa a kan mutum, ta daina kiran kowa ɗan ƙwaya. Tambayarta ta farko ta zama: me wannan abin yake yi maka? Amsoshin sun buɗe mata ido. Ɗan acaba ya ce tiramadol ne ke sa shi wuni a kan babur bai ji ciwon baya ba. Leburan gini ya ce da shi yake ɗaukar buhun siminti har la'asar. Ɗalibi ya ce yana kore masa fargaba. Duk wanda ka gani yana sha, in ji ta, akwai wata buƙata da abin yake biya masa, ko da a ƙarshe cin sa yake yi. Idan ba ka san buƙatar ba, ka raba shi da ƙwayar ka bar shi da ramin da ya sa ya neme ta.

Sai daga baya, a wani kwas, ta tarar masana sun riga sun sa wa wannan hanya suna. Wani Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, William Miller, ya bayyana ta a 1983: maimakon ka yi gardama da mai sha, ka ja shi da tambaya har dalilin dainawa ya fito daga bakinsa. Ta ce da ta karanta, sai ta tuna yaron nan da farcensa.

Amma ta gargaɗi jikan kada ya ɗauka tausayi kaɗai ya isa. Ta ga masu kyakkyawar niyya sun yi ɓarna saboda rashin sani. Wanda jikinsa ya saba da kodin ko tiramadol, idan ya daina, zai yi ta hamma, hanci na zuba, ga gudawa, ga ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa duka, barci ya ƙaurace masa. Dangi su ga haka su ce iska ce ko sammu. Wanda kuma ya daɗe yana shan diyazefam ko roci, ko ya yi nisa a giya, in aka tsinke masa rana ɗaya zai iya faɗuwa da farfaɗiya, har a rasa shi. Wannan aikin likita ne, kuma mai ba da shawara na gari shi ne wanda ya san inda iyakarsa ta tsaya ya miƙa. Akwai kuma abin da ta fi nanata wa iyaye: wanda ya yi wata biyu bai sha ba, jikinsa ya rage jurewa, in ya koma ya sha adadin da ya saba a da, numfashinsa na iya tsayawa. Kwanakin da suka biyo bayan sallama, lokacin da gida ke murna, su ne mafi haɗari.

Don haka ta ce ya nemi horo na gaske. Ita ta bi ta makarantar jinya ne, sannan ta ƙaro karatu a fannin jinyar ƙwaƙwalwa. Wasu ta karatun halayyar ɗan Adam suke shigowa, wasu ta aikin jin daɗin jama'a. Akwai kuma manhajar horar da masu kula da 'yan shaye-shaye ta ƙungiyar Colombo Plan, wadda ake koyarwa a ƙasashe da dama har da Najeriya. Wuraren ganin aiki da ido ma ba su ɓuya ba: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan ba da shawara na hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989. Shawararta ita ce ya je ya zauna a bayan wani gwani, ya yi watanni yana kallo da saurare kafin ya buɗe baki.

Girman aikin ba ya buƙatar dogon bayani. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai sa maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramadol ne suka sha, miliyan 2.4 kuma maganin tari. Abin da ya fi tsaya wa Sista a rai shi ne, cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce.

Ita ba ta yi mamakin wannan ba, don ta riga ta gani a cikin gidaje. Tun kafin BBC ta fitar da fim ɗinta a kan kodin a ƙarshen Afrilun 2018, wanda bayansa ministan lafiya Isaac Adewole ya sanar da hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, ta sha zama da matan aure masu juye shi a robar lemo su ajiye a bayan gado. Ta tuna wata da aka yi wa kishiya tana jego, ƙawa ta miƙo mata robar a gidan biki ta ce zai sa ta manta. Shekara biyu babu wanda ya lura, sai da ta fara barci abinci na ƙonewa a kan wuta. Irin waɗannan ba sa zuwa asibiti. Namiji in ya daina, a ce Allah ya shirye shi. Mace in asirinta ya tonu, saki ne, kuma 'ya'yanta mata ma sai an yi musu gori ranar neman aure. Shi ya sa ta ce wa jikan rufin asiri shi ne jarin wannan aiki. Abin da ka ji a ɗaki ba na matarka ba ne, ba na abokinka ba ne, ba na majalisar ƙofar gida ba ne. Kuma ta ce ya gaya wa ƙannensa mata su ma su shigo fannin, domin akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

Da jikan ya tambayi yadda ake yi da wanda ya koma ruwa, ta ɗan yi shiru. Ta ce wannan ne ke korar sababbin ma'aikata. Ka yi wata shida da mutum, ya yi ƙiba, ya koma sana'a, ya kawo maka goron godiya, wata rana ka gan shi a bakin kwata idanu a lumshe. A shekarunta na farko takan ji kamar an ci amanarta. Daga baya ta fahimci ciwon irin na hawan jini ne da ciwon suga, mai lafawa ya tashi, kuma babu wanda ke korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa. Akwai wani makanike da ya dawo hannunta sau huɗu. A karo na huɗu ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa don kunya. Ta janyo masa kujera ta ce, "Zauna, ɗana, gaya mini ranar da abin ya faru, da wa kake tare?" Suka gano duk ranar da aka biya shi kuɗin aiki a dunƙule ne yake faɗawa. Suka shirya yayarsa ta riƙa karɓar kuɗin tana ba shi na cefane. Yanzu yana da yara huɗu masu koyon aiki a garejinsa.

Batun dangi kuwa, ba ta yarda a ture su gefe ba, duk da cewa ta kan sa su jira a waje da farko. Tana yawan ambaton Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara zaunar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa tare da wani ɗan'uwansa, maimakon a kulle su. Ta ce mutumin ya gane cewa mai ciwo gida zai koma. Iyayen da ke kai 'ya'yansu gidan mari ba mugunta ce ke sa su ba, rashin sanin inda za su nufa ne. Lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, wasu da sarƙa a ƙafa, ta yi kuka, don ta san irin tabon da mari ke bari a idon sawu, ta sha wanke shi. Ta ji daɗi da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, sai dai ta ce doka ba za ta zauna da uwa ta yi mata bayani ba. Limamin unguwa da mai unguwa ma abokan aiki ne. Ta ga inda kalma ɗaya daga liman ta sa uba ya buɗe wa ɗansa ƙofa bayan ya rantse ba zai sake kwana a gidansa ba.

Ba ta ɓoye masa cewa albashin ba mai yawa ba ne, kuma aikin na cin rai. Ta ce kada ya ba majinyaci rance, kada ya kai shi gidansa ya kwana, ya kuma samu wani babba a fannin da zai riƙa sauke masa nauyin zuciya. Akwai shekarar da ita kanta ta daina barci saboda wata yarinya da suka rasa, sai da wata abokiyar aiki ta zaunar da ita a kujerar da ta saba zaunar da wasu.

Ana kiran sallar isha'i suka ji sallama a zaure, muryar mace, a hankali. Sista ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce wa jikan ya ɗauko kujera ɗaya ya kai ɗakinta, sannan ya fita ta ƙofar baya ya tafi masallaci, don kada baƙuwar ta ga kowa.