Shagamu, garin da aka yanke mini cibiya

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne, kwanakin baya wani ɗan baffana ya zo mana daga Kano, da ya sauka a mota ya dubi gabas da yamma sai ya ce mini, "Ɗan uwa, to ina tekun?" Ashe shi duk zatonsa Shagamu wata unguwa ce a cikin Legas. Na yi dariya har da riƙe ciki, amma daga baya na ga ba laifinsa ba ne, domin da yawa daga mutanenmu na gida duk wanda ya tsallake Ilori a wurinsu Ikko ya tafi.

To Shagamu dai a jihar Ogun take, a ƙasar Remo, kuma idan hanya ta yi kyau tafiyar kamar awa guda ce zuwa bakin Legas. Na ce idan hanya ta yi kyau, don ranar da masu ibada suka yi taro a manyan filayensu na wajen Mowe, sai mutum ya kwana a mota. A nan ne babbar hanyar Legas zuwa Badun, wadda aka buɗe a 1978, ta haɗu da wadda ta nufi Ijebu-Ode da Ore da Benin. Wato tirelar da ta ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa ta Apapa, ko Arewa za ta ko ƙasar Ibo, da wuya ba ta bi ta ƙofarmu ba. Shi ya sa garin ya cika da kowane irin mutum. Ga 'yan ƙasa Remo, ga Ijebu da Egba, ga Ibo masu kayan gyaran mota da shagunan magani, ga ma'aikatan da kamfanin siminti ya jawo tun 1978, ga na kamfanin Nestlé da ya buɗe a 2011, ga ɗalibai da likitoci na asibitin koyarwa na Jami'ar Olabisi Onabanjo, ga direbobin tanka na ma'ajiyar mai ta Mosimi. Yanzu kuma ga waɗanda kuɗin haya ya koro daga Legas, suna kwana a nan suna yi wa aiki sammako.

Mu kuwa goro ne ya kawo mu. Kakana ya sauka a Sabo yana yaron wani maigida, Baba ya gaje shi, ni ma ga ni a rumfar tun da na gama sakandare. Yarbawa suna kiran irin goron da muke saye gbanja, kuma wannan suna daga Gwanja ya samo asali, can ƙasar Gana ta yau inda fatakenmu na da suke zuwa da jakai. Da aka fara shuka shi a kurmin Yarbawa sai hanya ta gajarta, fatake suka juyo nan. Aikin a rabe yake. Matan Yarbawa su ke shiga ƙauyuka su sayo daga manoma, su jiƙa, su cire ɓawo, su kawo kasuwa a kwanduna. Mu kuma mu zauna mu tsince, marsa gefe guda, minu gefe guda, fari daban ja daban, a duba wanda sankara ta taɓa a fitar da shi tun bai ɓata sauran ba, sannan a shimfiɗa ganye a ɗaure huhu a loda wa mota. Ƙirge da ƙwarya ake yi, goro ɗari kenan. Wanda ya iya adana daushe har lokacin da sabo ya yanke a kasuwa, shi ke cin riba, wanda bai iya ba kuwa sai ya buɗe huhu ya tarar da asara.

Akwai wata dattijuwa da ta fi shekara talatin tana kawo wa Baba kaya. Ba takarda tsakaninsu, ba sa hannu. Iya nake ce mata, ita ta fara ba ni ebiripo, wani abincin Remo da ake yi da gurzajjen gwaza a dafa cikin ganye. Baba har yau bai taɓa ɗanɗanawa ba, wai shi tuwo ya sani.

Tarihin garin a makaranta na koya, kuma ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya. Shagamu ba gari ɗaya ba ne tun asali. Garuruwa 13 ne, irin su Offin da Makun da Sonyindo da Epe, waɗanda yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa suka dama, sai suka taso suka haɗu wuri guda a wajen 1872 don su kare kansu. Har yau kowanne yana da sarkinsa, Akarigbo kuma shi ne babban sarkin Remo baki ɗaya. Wanda ke kai yanzu, Oba Babatunde Ajayi, ya hau a 2017. Da malaminmu ya gama lissafo su a aji, sai na ɗaga hannu na ce, to Sabo fa? Aji ya fashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya ce Sabo ai baƙi ne. Ban ji haushinsa ba, gaskiyarsa ya faɗa yadda ya san ta. Amma dai na koma gida ina tunanin shekara nawa baƙo yake yi kafin a daina ce masa baƙo, tun da su ma sha ukun tasowa suka yi suka zo.

Dole in taɓo 1999, ko da yake ba a haife ni ba a lokacin. A watan Yuli na shekarar, lokacin bikin Oro wanda al'adar masu yinsa ta hana mata fita da dare, aka kashe wata Bahaushiya da aka ce ta fito. Daga nan gari ya rikice, aka rasa rayuka da dama daga kowane ɓangare, aka ƙona gidaje da rumfuna, da labari ya isa Kano kuma aka huce a kan Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Baba ba ya son maganar. Abin da na sani daga bakin Inna na ji, cewa Iyar nan mai kawo goro ita ta ɓoye su a ɗakin ajiyarta har kwana biyu. Tun daga lokacin akwai wata baƙar jaka da ke rataye a bayan ƙofar ɗakin Baba, da takardunmu duka a ciki da ɗan kuɗin mota. Kowace shekara yana sauke ta ya kakkaɓe, ya canza kuɗin, ya mayar.

Ba zan ce garin aljanna ba ne. A 2023 kaɗai mun ga an ƙona bankuna lokacin ƙarancin takardun naira, mun kuma ga faɗan 'yan ƙungiyar asiri da ya sa kowa ya rufe shago tun la'asar. Sai dai waɗannan ba su tambayi ƙabilar kowa ba, da mu da maƙwabta tare muka shiga ɗaki. Haka ranar da Anthony Joshua, wanda danginsa 'yan Shagamu ne, ya doke Klitschko a 2017, tare muka yi ihu a gidan kallo. Da Remo Stars ta Ikenne ta lashe gasar lig ta ƙasa a 2025 na yi murna a fili, Baba ya kalle ni ya ce, "Kai dai ka zama Bayarabe, mu muna nan Pillars."

Abin dariya, in na je Kano ma haka ake ce mini, wai Hausata tana da gargada, ɗan Kurmi ya zo. Da na tashi neman takardar shaidar asali, a nan aka ce in je garin ubana, can kuma wani ma'aikaci ya sa ni lissafo unguwannin ƙauyen da sau huɗu kacal na taɓa zuwa. Sai da baffana ya zo ya tsaya mini.

Yanzu ga inda muke. Baba ya tara ɗan abin da ya tara, kuma ba zai isa gini biyu ba. Shi so yake ya gina a ƙauye, ya ce can za a binne shi, can kuma za mu gudu in ta ɓaci. Ni kuwa na ce masa, "Baba, shekara nawa muna biyan haya a nan? Kasuwarmu nan, abokan cinikinmu nan, kabarin Kaka ma nan yake." Ya yi shiru, ya ce, "Yaro, ba ka ga abin da na gani ba." Na rasa amsa, don kuwa ban gani ba. Mun fi wata uku ba mu sake tayar da zancen ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna dawowa daga masallaci, Iya ta aiko jikanta wai akwai wani fili da danginsu za su sayar ta bayan gari, in muna so ita za ta tsaya a kan takardu don kada 'yan omo onile su sayar mana su sake sayar wa wani. Na faɗa wa Baba ina jiran ya ce a'a. Ya daɗe yana juya goro a hannu, sannan ya ce in je in gani, in tambayo kuɗin, amma kada in yi wa kowa alkawari. Gobe da safe zan hau okada in je. Ɗazu da na shiga gaishe shi na leƙa bayan ƙofa, jakar tana nan.