Kiwon Manyan Kwamfutoci

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, na san wani zai ce me ya kawo zancen na'ura cikin mujallar da aka saba cika ta da waƙoƙi da nazarin karin magana. Amsata ita ce, harshen da muke yi wa hidima ba zai tsaya da ƙafafunsa ba sai ya iya ɗaukar kowane irin zance, har da na ƙarfe da waya. Saboda haka nake so in yi ɗan bayani a kan wani aiki da na yi na shekara guda a wani banki a ƙasar Ingila, lokacin da na je ƙaro ilmi, watau aikin sa ido a kan manyan kwamfutoci da yawa a lokaci guda.

Da farko dai bari mu san abin da ake kiwon. Babbar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira menfirem, ba irin wadda ake ɗorawa a kan tebur ba ce. Akwati ce mai tsawon ƙofar ɗaki, an gina ta don ta karɓi dubban ƙananan buƙatu cikin sakan guda, dare da rana, ba hutu. Wannan ya cire kuɗi, wancan ya biya inshora, wani ya sayi tikitin jirgin sama, duk a kanta suke sauka. Kamfanin IBM na Amurka shi ne ya fito da kakarsu, System/360, ranar 7 ga Afrilu, 1964, kuma zuriyarta ba ta yanke ba, domin an fito da z16 a 2022, aka kuma fito da z17 a 2025. Tun 1988 ake iya raba akwati ɗaya ya zama kwamfutoci da yawa, kamar yadda ake yanka gida ɗaya sassa-sassa, kowane sashe da harkarsa. A 1994 kuma aka fito da tsarin Parallel Sysplex, wanda ke ɗaure kwamfutoci har 32 su yi aiki tamkar guda, suna ɗiba daga rumbun bayanai ɗaya, ta yadda in ɗaya ta faɗi sauran za su ɗauki kayanta.

A inda na yi aiki akwatuna biyu ne, kowanne an raba shi uku, kwamfutoci shida ke nan. Mu kuwa masu tsaro muna zaune a wani ɗaki dabam, gabanmu alluna cike da lambobi masu canzawa. Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, to ina ga shida? Duk wanda ya ce zai bi kowace lamba da ido, kafin tsakar dare kansa ya ɗau zafi, kuma abin da ya kamata ya gani shi ne zai wuce shi.

Lambobin nan ba daga sama suke faɗowa ba. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ma'auni mai suna RMF, wanda bisa al'ada yake leƙa ta sau ɗaya kowane sakan, ya ga wane aiki ke tafiya, wane ne ke jira. Sai ya tara abin da ya gani ya nuna a allo bayan kowane sakan 100, ya kuma rubuta shi a wani kundi mai suna SMF bayan kowane minti 15 ko 30, don masu bincike daga baya. Akwai kuma OMEGAMON, wanda wani kamfani mai suna Candle ya ƙirƙiro a shekarun 1970, IBM ta saye kamfanin a 2004. Matsalar mai tsaro ba ƙarancin labari ba ce, yawansa ne.

Abin da sabon shiga ya fi zuba wa ido shi ne lambar da ke nuna yawan aikin ƙwaƙwalwar na'ura. In ya ga ta kai 98 cikin 100 sai gabansa ya faɗi. Alhali kuwa a babbar kwamfuta wannan ba abin tsoro ba ne shi kaɗai. Ku dubi mai injin niƙa a unguwa. In babu mai kawo niƙa sai ya zuba nasa hatsin, da zarar yarinya ta shigo da ƙwarya sai ya ture nasa gefe ya karɓi nata. Mai wucewa zai ji injin na ruri tun safe, ya ce lalle aiki ya yi wa mutumin nan yawa, amma babu wanda ya jira. Haka babbar kwamfuta take. Ana ba ta ayyuka marasa gaggawa ta cike gurbi da su, in mai gaggawa ya zo ta ba shi hanya. Saboda haka na'ura na iya cika maƙil kowa na samun biyan buƙata, tana kuma iya zama shiru alhali mutane na can sun ƙosa.

Wata dattijuwa da ta shekara fiye da ashirin a wannan ɗaki ita ce ta koya mini aikin. Tun makon farko ta ce da ni, "Tambaya biyu ce aikin nan. Wa ke jira, kuma me yake jira?" Duk sauran abin da na koya a shekarar sharhi ne a kan wannan magana.

Tambayar farko, watau wa ke jira, ba ta amsuwa sai an yi alkawari tukuna. A cikin tsarin z/OS, wanda ke tafiyar da waɗannan kwamfutoci, akwai wani sashe mai suna Workload Manager, shi ma tun 1994 yake. Masu banki za su rubuta masa abin da suke so. Alal misali su ce, cikin kowace buƙata goma ta masu cirar kuɗi, tara su sami amsa kafin rabin sakan. Kowane rukunin aiki kuma a ba shi daraja daga 1 zuwa 5. Bayan kowane sakan 10 sai ya duba wane rukuni ne ke baya, ya rage wa mai ƙaramar daraja ya ƙara masa. Sa'an nan yana fitar da lamba ɗaya ga kowane rukuni: in ta tsaya a 1 an cika alkawari daidai, in ta gaza 1 an yi fiye da alkawari, in ta haura 1 an saɓa. Alherin wannan lamba shi ne, ma'anarta ɗaya ce a dukkan kwamfutocin shida, ko da wata ta fi wata ƙarfi. Mai tsaro ya sami mudu guda da zai auna kowa da shi.

To amma ko wannan mudu yana da tarko, shi ne matsakaicin lissafi. A ɗauka kwamfutoci shida suna ɗauke da kaya daidai wa daida. Biyar suna ba da amsa cikin sakan 1, ta shida sai ta yi sakan 7. In aka haɗa aka raba shida, sakan 2 za a samu. In alkawarin sakan 2 ne, allon da ke nuna jimla zai ce lafiya lau, alhali mutum ɗaya cikin kowane shida yana tsaye gaban injin cirar kuɗi yana tunanin ko katinsa ya maƙale. Makiyayi ba ya cewa garke ya ƙoshi don ya ga yawancin shanu na tuƙa. Idonsa na kan wadda ta ware gefe ta sunkuyar da kai. Shi ya sa dattijuwar nan ba ta yarda da jimla sai ta buɗe ta, ta ga lambar kowace kwamfuta ita kaɗai.

Tambaya ta biyu, me yake jira, ita ce ta fi wuya, kuma a nan ne tsaron kwamfutoci da yawa ya bambanta da tsaron guda. Wani dare na ƙarshen wata, daren da ake zuba albashin mutane a asusunsu, sai lambar kwamfuta ta huɗu ta fara haurawa. Jimla ba ta motsa sosai ba. Muka duba ta huɗun, ƙwaƙwalwarta ba ta cika ba, fayafayanta na ba da amsa da sauri, ba ta rasa wurin ajiya ba. Ayyukan albashi dai suna tsaye a layi. Dattijuwar ta buɗe shafin da ke nuna dalilan jira, sai ga shi dukkansu suna jiran wani kundin bayanai da aka kulle. Mai riƙe da makullin kuwa ba ya kan ta huɗu. Wani ƙaramin aiki ne a kan kwamfuta ta biyu, ya kulle kundin don ya yi kwafinsa, sa'an nan ya aika da tambaya ga ma'aikata ya tsaya jiran amsa, tambayar kuma ta nutse cikin ɗaruruwan saƙonni. Ta biyun nan ita ce ta fi kowa alamar lafiya a daren, don kusan babu abin da take yi. Aka amsa tambayar, aikin ya saki makulli, layi ya tafi. Da an bar shi har asuba, da mutane da yawa sun wayi gari asusunsu babu albashi, ga kuɗin haya da na wuta suna jiran a cire.

Ruwa ba ya tsami banza, amma a irin wannan tsari sau da yawa inda ya yi tsamin dabam, abin da ya tsamar da shi dabam. Tun da rumbun ɗaya ne, mai kuka na iya zama a wani sashe, mai dukansa a wani. Wanda ya ba kowace kwamfuta mai gadinta, kowa ya tsare nasa allo, to kowane mai gadi zai rantse nasa ɓangaren lafiya yake, kuma duk gaskiya suka faɗa. Tilas a sami wuri guda inda ake ganin su duka gefe da gefe.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai agogonsu ya zama ɗaya. In ana so a san ko kulle kundin ne ya riga tsayuwar layi ko layin ne ya riga, sai an jera rubutun kwamfuta ta biyu da na ta huɗu bisa lokaci. In agogon wata ya ɗan yi gaba, sai a ɗauki sakamako a matsayin dalili. Don haka aka yi wani tsari na musamman, STP, wanda aikinsa ke nan, daidaita agogon akwatunan. Hatta lokacin da kowace ke rufe shafin kundinta ana daidaita shi, don minti 15 na wannan ya zama shi ne minti 15 na waccan.

Abu na ƙarshe da na'ura ba ta iya ba wa mutum shi ne sanin yau da kullum. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Lambar da ke daidai da ƙarfe goma na safiyar Litinin, in ta bayyana da ƙarfe uku na daren Lahadi, alama ce ta wani abu. Daren albashi yana da tasa sura, ranar da kantuna ke cika da masu sayayya tana da tata. Yanzu akwai manhajoji masu koyon wannan sura daga tsofaffin kundaye, su yi ƙararrawa in an kauce mata, kuma suna da amfani ƙwarai. Sai dai in aka bar ƙararrawa ta yi yawa, tana kaɗawa a kan kowane ƙaramin abu, kunne yakan saba da ita, ranar da ta kaɗa a kan gaskiya babu mai ɗaga kai. Aiki ne babba a zauna a rage su, a bar waɗanda in sun yi kuka lalle akwai mai jira.

'Yan'uwana ɗalibai, kaɗan ne daga cikinmu za su zauna gaban irin waɗannan alluna. Amma da yawanmu za mu zauna a kan teburin da ake kawo rahoto daga makarantu goma, ko asibitoci ashirin, ko rassan ma'aikata, an haɗa su an raba an fitar da lamba ɗaya mai daɗin gani. In wannan rana ta zo, ina roƙon mu buɗe jimlar mu duba ɗai-ɗai, mu tambayi wa ke jira, mu kuma bi sawun abin da yake jira ko da ya kai mu reshen da ya fi kowa shiru. Kalmomin da na yi amfani da su a nan kuwa, irin su rumbu da kundi da makulli, na bar wa malamanmu na Hausa su auna su, in akwai waɗanda suka fi su dacewa sai mu ɗauka.