Sudan Ba Ta Yi Mana Nisa Ba

Mu manoman gero da gyaɗa a arewacin Kano mun san abin da damina ɗaya ba shuka take jawo wa gida. Tun 15 ga Afrilu 2023 sojojin Sudan suke yaƙi da dakarun RSF. A Disamba 2023 yaƙin ya ci Wad Madani, cibiyar gonakin Jazira. A Agusta 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam. Mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu.

A ƙasar akwai Hausawa 'yan'uwanmu, har da jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna Mai Wurno. Yawancinsu Musulmi ne, kuma maƙwabtanmu ne a gaban Ubangiji.

Najeriya ta kwaso ɗalibanta, ta kyauta. Amurka da Saudiyya sun zaunar da ɓangarorin a Jidda a Mayu 2023, aka sa hannu, bindiga ba ta yi shiru ba. A 2025 Amurka ta yanke tallafi, wuraren dafa abincin sadaka da yawa suka rufe. Gwamnati takan fara duba amfanin kanta. Mu kuwa an kira mu ga jinƙai.

Cikin Ayyukan Manzanni sura 11, masu bi na Antakiya sun ji labarin yunwa, suka tara gudunmawa suka aika Yahudiya. Kakar bana, kowane matashi ya ware tiya ɗaya, mu sayar, mu aika ta hannun ikkilisiya. Mu riƙa ambaton Sudan a taron addu'a. Ubangiji ya kashe wutar nan. Amin.